Al'ada da Nauyin Alkawari a Yarjejeniyoyin Cinikin Magunguna Tsakanin Ƙasashe

1.0 Gabatarwa

Cinikin magani ya sha bamban da cinikin sauran hajoji ta wata fuska da take shafar duk yarjejeniyar da aka ƙulla a kansa, domin mai saye ba ya iya gane nagartar ƙwayar magani da ido ko da taɓawa, kuma majinyacin da zai sha ta ba ya cikin waɗanda suka zauna aka yi cinikin. Abin da ake sayarwa ya haɗa da hajar kanta da takardun da suke shaida yadda aka harhaɗa ta, aka gwada ta, aka kuma adana ta. Bayan haka akwai hukumar sa ido ta ƙasar da za a kai maganin, wadda take da ikon hana shi shiga ko da ɓangarorin biyu sun riga sun sa hannu. Manufar wannan takarda ita ce ta gano inda bambancin al'ada yake yin tasiri na haƙiƙa a irin wannan ciniki. Matsayin da takardar ta ɗauka shi ne, ladubban zama da gaisuwa da musayar kyauta, waɗanda littattafan koyar da 'yan kasuwa suke cika shafuka da su, ba su ne suke rusa yarjejeniyoyin magunguna ba. Abin da yake rusa su shi ne saɓani a kan abin da ya wajaba mai sayarwa ya bayyana, da nauyin da rubutaccen alkawari yake ɗauke da shi, da kuma abin da al'ummar da za ta sha maganin za ta yarda da shi. Kalmar al'ada a nan ta ƙunshi ɗabi'un al'umma, da tsarin shari'ar da lauyoyin kowane ɓangare suka taso a cikinsa, da halayyar aiki da ta kafu a cikin kamfani.

2.0 Waiwayen ayyukan magabata

Hall (1976) ya kasa al'ummomi gida biyu, wato waɗanda suke fayyace manufarsu da baki ko a rubuce, da waɗanda suke barin kaso mai yawa na saƙo a cikin yanayin zama da dangantakar masu magana, inda ya sanya Jamusawa da Amurkawa a kashi na farko, Japanawa da Larabawa kuma a na biyu. Hofstede (1980), wanda ya yi amfani da amsoshin ma'aikatan kamfanin IBM a ƙasashe da yawa, ya fitar da ma'aunai irin su tazarar da ke tsakanin shugaba da na ƙasa da shi, da gudun rashin tabbas. McSweeney (2002) ya soki wannan hanya da cewa ma'aikatan kamfani guda ba za su wakilci ƙasa baki ɗaya ba, kuma sukar tana da ƙarfi idan aka dubi ƙasa kamar Indiya ko Nijeriya. Salacuse (1998) ya fi kusantar batun wannan takarda, domin ya jera abubuwa 10 da al'ada take shafa a zaman ciniki, ya kuma tambayi mutane daga ƙasashe 12 da suka haɗa da Nijeriya. Ya samu cewa kashi 74 cikin ɗari na mutanen Sifaniya sun ɗauki sa hannu a takarda a matsayin manufar zaman, alhali kashi 33 ne kawai na Indiyawa suka ɗauka haka, sauran sun fifita ƙulla dangantaka.

Sai dai akwai ayyuka biyu da suke hana a yi gaggawar raba duniya zuwa masu takarda da masu amana. Macaulay (1963) ya nuna cewa 'yan kasuwar jihar Wisconsin ta Amurka kansu ba safai suke komawa ga rubutaccen kwantiragi ba idan saɓani ya taso, sun fi son a daidaita a tsakaninsu don kada hulɗa ta yanke. Cohen (1969) kuma ya bayyana yadda fataucin shanu da goro na Hausawan Sabo a Ibadan ya tsayu a kan bashi ba tare da takarda ba, amma da tsari mai tsauri wanda maigida yake lamunce mai saye, kuma duk wanda ya ci amana yake rasa matsayinsa a kasuwar. Amana a irin wannan tsari tana aiki ne saboda akwai wanda zai hukunta mai saɓa ta. Giɓin da ke cikin waɗannan ayyuka shi ne ba su kula da hajar da aibinta yake ɓoye a cikin takardun ɗakin gwaji ba.

3.0 Dabarun bincike

An bi hanyar nazarin shari'o'i da rigingimu da suka fito fili, aka dogara ga hukunce-hukuncen kotuna, da sanarwar hukumomin sa ido, da yarjejeniyoyin da aka tilasta a bayyana su ga jama'a. Yarjejeniyoyin magunguna galibi suna ɗauke da sharaɗin sirri, saboda haka waɗanda ake iya nazarta su ne waɗanda suka lalace har aka je gaban alƙali, kuma a irinsu ne ake ganin abin da kowane ɓangare ya zaci ya saya ko ya sayar. A kowane misali an yi tambaya guda: shin saɓanin ya samo asali daga bambancin fahimta, ko daga yaudara, ko daga fifikon ƙarfi?

4.0 Nazari

4.1 Bayyana aibi: Daiichi Sankyo da Ranbaxy

A watan Yuni na 2008 kamfanin Daiichi Sankyo na Japan ya sanar da sayen rinjayen hannun jarin Ranbaxy, wanda a lokacin shi ne babban kamfanin magungunan gama-gari a Indiya, wato magungunan da ake harhaɗawa bayan wa'adin haƙƙin mallakar mai ƙirƙira ya ƙare. Cinikin ya kai kimanin dala biliyan 4.6 a kan kusan kashi 64 cikin ɗari, ciki har da kason 'yan'uwa biyu, Malvinder da Shivinder Singh. Kafin nan, a watan Fabrairu na 2007, jami'an Amurka sun riga sun binciki ofisoshin Ranbaxy a New Jersey, don haka Daiichi ya shiga cinikin yana sane da cewa akwai bincike. A watan Satumba na 2008, tun kafin a kammala biyan kuɗi, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana shigo da magunguna fiye da 30 daga masana'antun Dewas da Paonta Sahib. A ƙarshen shekarar kuɗi ta farko Daiichi ya rubuta asarar sama da yen biliyan 350 a kan darajar abin da ya saya. A watan Mayu na 2013 reshen Ranbaxy na Amurka ya amsa laifi ya biya dala miliyan 500, bayan bayanan da tsohon ma'aikacinsa Dinesh Thakur ya kai wa hukuma, sannan a 2014 aka sanar da sayar da kamfanin ga Sun Pharma.

An yi ta fassara wannan rushewa da cewa karo ne tsakanin haƙurin Japanawa da gaggawar Indiyawa, kuma ba za a ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba, domin Eban (2019) ta nuna yadda wakilan Daiichi suka yi ta karɓar tabbacin baki daga shugaban Ranbaxy, suka kuma bar shi a kan kujerarsa har zuwa watan Mayu na 2009. Amma kwamitin raba-gardama da ya zauna a Singafo, wato alƙalan da ɓangarorin suka zaɓa da kansu a maimakon kotun gwamnati, ya yanke a 2016, bisa rinjayen biyu cikin uku, cewa masu sayarwa sun ɓoye wani rahoton cikin gida na 2004 da ya fallasa yadda aka ƙirƙiri sakamakon gwaje-gwaje. An umarce su da biyan diyyar da, haɗe da kuɗin ruwa, ta kai kimanin dala miliyan 500, kuma Babbar Kotun Delhi ta amince a zartar da hukuncin a watan Janairu na 2018. Ɓoye aibi ba al'adar wata ƙasa ba ce, domin dokar kwantiragi ta Indiya ta 1872 da aka yi hukunci da ita ta kira shi zamba, kamar yadda fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa ya haramta ɓoye aibin haja, ya kuma ba mai saye zaɓin mayarwa.

Inda al'ada ta shigo a haƙiƙa shi ne wajen mai saye. Ɓangaren da ya saba ganin tsananta bincike a matsayin rashin ladabi ga abokin hulɗar da ake fatan daɗewa tare da shi, zai iya sassauta binciken ƙwaƙwaf, wato tantance littattafai da takardun kamfani kafin saye, a daidai wurin da bai kamata a sassauta ba. A cinikin magani darajar kamfani tana cikin littattafan ɗakin gwaji, kuma ba a gane sahihancinsu sai an aika masana su kwatanta ɗanyen sakamakon na'ura da abin da aka miƙa wa hukuma. Wanda ya fi cutuwa a nan ba masu hannun jari ba ne: a 2004 an cire magungunan cutar ƙanjamau na Ranbaxy daga jerin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su, kuma majinyatan Afirka suna cikin manyan masu shan su.

4.2 Nauyin alkawari: AstraZeneca da Tarayyar Turai

Misali na biyu ya nuna cewa ba sai an tsallaka nahiya ake samun saɓanin al'ada ba. A watan Agusta na 2020 Tarayyar Turai ta ƙulla yarjejeniya da AstraZeneca a kan allurar rigakafin korona miliyan 300, da zaɓin ƙarin miliyan 100, a ƙarƙashin dokar Beljiyam, yayin da Birtaniya ta ƙulla tata a ƙarƙashin dokar Ingila. A watanni uku na farkon 2021 kamfanin ya kai wa Tarayyar kimanin miliyan 30 kacal, abin da bai kai rabin wanda aka tsara ba, ya kuma kafa hujja da cewa abin da ya ɗauka shi ne yin iyakar ƙoƙarin da ya dace, ba lamunin adadi da rana ba. Tsarin shari'ar Ingila yana karanta yarjejeniya bisa lafazinta, shi ya sa lauyoyinsa suke rubuta kowane hukunci da tara dalla-dalla, har ma kotun ƙolin ƙasar ta yanke a shari'ar Walford da Miles ta 1992 cewa alkawarin yin shawarwari da kyakkyawar niyya ba abin da kotu za ta tilasta ba ne. Tsarin Beljiyam da Faransa kuwa ya mayar da kyakkyawar niyya ginshiƙin kowace yarjejeniya, don haka lauyoyinsa ba sa ganin dole a rubuta komai. A watan Yuni na 2021 kotun Brussels ta samu kamfanin da saɓa alkawari saboda ƙin amfani da masana'antar da ke Birtaniya wajen cika odar Tarayyar, ta umarce shi da kai miliyan 50 kafin ƙarshen Satumba ko ya biya Yuro 10 a kan kowace allura, amma ba ta ba Tarayyar adadin da ta nema ba. An sasanta a watan Satumba na 2021, bayan watannin da aka fi buƙatar allurar sun wuce.

4.3 Kyauta da cin hanci

Wannan fanni ba ya buƙatar dogon bayani. A watan Satumba na 2014 wata kotu a Changsha ta ci tarar GlaxoSmithKline yuwan biliyan 3 saboda bai wa likitoci kuɗi ta hannun kamfanonin shirya tafiye-tafiye. Hukuncin kotun Sin ɗin kanta ya rusa hujjar cewa kyauta al'adar kasuwancin Sin ce. Tun da dokar hana cin hanci ta Amurka ta 1977 da ta Birtaniya ta 2010 suna bin kamfanoninsu har ƙasashen waje, sharaɗin hana cin hanci da ikon bincikar littattafan wakili sun zama ruwan dare, kuma wakilin da ya ɗauki wannan sharaɗi a matsayin zargi ga mutuncinsa yana buƙatar a yi masa bayanin asalinsa tun a farkon zama.

4.4 Addini da yardar mai shan magani

Ɓangare na uku da ba ya wurin zama yana iya soke abin da biyun suka ƙulla. A 2009 Majalisar Malaman Indonesiya ta yanke cewa allurar sanƙarau ta GlaxoSmithKline da ake yi wa mahajjata haramun ce saboda an yi amfani da sinadarin alade a wani mataki na harhaɗa ta, kuma a 2010 ta halatta ta Novartis da ta wani kamfanin Sin, abin da ya karkatar da kasuwar ƙasar da ta fi kowace yawan alhazai. A 2018 majalisar ta ce allurar ƙyanda ta Serum Institute na Indiya ta halatta ne kawai bisa lalura, kuma yawan masu kai yaransu ya ragu a wasu larduna. Masanin harhaɗa magani yana ganin sinadarin da aka tace ya fita bai zama cikin hajar ba, malamin fiƙihu kuma yana tambayar abin da ya taɓa ta tun daga tushe, kuma yarjejeniyar da ba ta wajabta bayyana tushen kowane sinadari ba, har da kwanson kafso, ta bar mai saye da kayan da ba zai iya rabawa ba.

Arewacin Nijeriya ya ga irin wannan. Gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi wa yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda 11 suka rasu, ya kai ga sasantawar dala miliyan 75 da gwamnatin jihar a 2009 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kuma tabon da ya bari yana cikin dalilan da aka ambata lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a 2003. Abin lura shi ne Kano ta koma rigakafin a watan Yuli na 2004 da allurar da aka sayo daga Indonesiya, wato ƙasar da aka yi hajar ta zama sharaɗin karɓarta.

4.5 Inda ƙarfi yake fakewa da al'ada

Ba kowace tirjiya ce rashin fahimta ba. Bayan wata kotu a Pretoria ta tilasta wa gwamnatin Afirka ta Kudu bayyana yarjejeniyoyinta na sayen allurar rigakafin korona a 2023, bisa ƙarar ƙungiyar Health Justice Initiative, an ga cewa ta biya Serum Institute dala 5.35 a kan kowace allura, alhali Tarayyar Turai ta sayi irinta ƙasa da rabin wannan farashi, kuma ta ɗauki nauyin diyyar duk illar da za ta biyo baya. Babu wani darasin ladubban ciniki da zai gyara wannan. Abin da ya taɓa gyara irinsa shi ne samun wata mafita a hannu: tayin da kamfanin Cipla ya yi a 2001 na magungunan ƙanjamau uku a kan dala 350 a shekara, da sanarwar Doha ta Nuwamba 2001 da ta tabbatar wa ƙasashe ikon bayar da lasisin dole, wato izinin harhaɗa magani ba da yardar mai haƙƙin mallaka ba tare da biyansa la'ada, wanda Brazil ta yi amfani da shi a kan maganin efavirenz a 2007 bayan shawarwarinta da kamfanin Merck mai haƙƙin mallakarsa sun cije.

5.0 Abin da ya shafi mai shigo da magani a Nijeriya da Nijar

Mafi yawan magungunan da ake sha a Nijeriya daga waje suke zuwa, musamman Indiya da Sin, kuma ɗan kasuwar da ya saba da tsarin amana yakan fara hulɗa da masana'anta ta hannun dillali, a yi oda ta waya, a biya kafin alƙalami, a bar sauran ga zumunci. Wannan tsari ba ya tare da maigidan da Cohen ya bayyana, domin babu wanda zai hukunta masana'antar da ke Gujarat idan kaya ya zo da aibi. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana rajistar maganin waje ne ta hannun wakilin cikin gida mai riƙe da takardar wakilci, na tsawon shekara 5, saboda haka dole yarjejeniya ta faɗi wanda ya mallaki rajistar da sunan hajar idan hulɗa ta yanke, in ba haka ba wakili ya yi wahalar buɗe kasuwa wani ya gaje ta. Haka nan Nijeriya tana cikin yankin da ake gwada ƙarkon magani a zafin digiri 30 da laimar kashi 75 cikin ɗari, alhali zafin Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu yakan haura digiri 40, don haka sharaɗin sauran wa'adin aiki a ranar sauke kaya, da wanda zai ɗauki asara idan sanyin ajiya ya yanke a hanya, ba ƙananan abubuwa ba ne.

Batun kuɗin waje ma ya isa a tsaya a kansa. Bayan sakin darajar Naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga kimanin Naira 460 zuwa sama da 1,400 a farkon 2024, kuma a watan Agusta na 2023 GlaxoSmithKline ya sanar da daina gudanar da kasuwancinsa kai tsaye a Nijeriya ya koma ga masu rarrabawa, Sanofi ma ya bi sahu. Ɗan kasuwar da yake ganin sauyin yanayi dalili ne na a sake zama a duba farashi, zai tarar abokin cinikinsa yana ganin hakan saɓa alkawari ne, sai fa idan an rubuta iyakar faɗuwar kuɗin da za ta wajabta sabon zama. Nijeriya da Indiya da Birtaniya ba su shiga yarjejeniyar Vienna ta 1980 kan cinikin hajoji tsakanin ƙasashe ba, yayin da Nijar da Kamaru da Cadi suke bin dokokin kasuwanci na bai-ɗaya na OHADA masu tushen Faransanci, don haka ɗan kasuwar Kano da na Damagaram suna ƙarƙashin tsarin shari'a daban-daban ko da masana'anta guda suke saye. Zaɓen dokar da za a yi hukunci da ita da garin da 'yan raba-gardama za su zauna yakan zo a shafin ƙarshe, a sa masa hannu ba tare da ciniki ba, alhali kuɗin bin ƙara a Landan ko Singafo yana iya zarce darajar kwantenar da ake rigima a kanta. Dokar raba-gardama da sulhu ta Nijeriya ta 2023, tare da kasancewar Nijeriya da Indiya da Sin cikin yarjejeniyar New York ta 1958 kan zartar da irin waɗannan hukunce-hukunce, ta ba mai shigo da kaya hujjar neman a zauna a Legas, ko aƙalla a wajabta zaman sulhu da gwajin hajar a ɗakin gwaji mai zaman kansa da aka ambaci sunansa a cikin takardar kafin a je ko'ina.